Kwali na Ɗari Huɗu da Tamanin

Shekara ashirin da uku ina ƙirga kwali
a ƙofa ta bakwai,
siton da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Mersin.
Fensir a bayan kunne, yawu a ɗan yatsa,
takwas, takwas, takwas, in ja layi.
Har yau da kanta a yatsan nan.

Bara aka kafa ƙarafa biyu a bakin ƙofar,
aka manna wa kowane kwali 'yar laya
mai kaurin ɓawon albasa,
da zare mai ƙyalli a naɗe a cikinta.
Ba batir, ba baki.
Amma da ƙarfen ya yi kira ta igiyar rediyo
sai ta farka ta ce ga ni,
daga wuri kaza nake, ran kaza aka rufe ni,
Hamburg za ni.

Kafin sukari ya narke a shayina
kayan tirela guda sun gama amsa suna.
Ban ji haushi ba.
To, na ɗan ji.

Ran Talata, ana yayyafi,
Ramiz ya iso daga Ayvalik da man zaitun,
ido jawur, a kan sitiyari ya kwana.
Motar cokali ta yi sawu goma sha biyu
tsakanin ƙarafan nan,
allo ya ƙifta: ɗari huɗu da saba'in da tara.
Takarda kuwa tamanin ta ce.

Tolga, manajan da ɗana ya girme shi,
ko kai bai ɗaga ba.
Na'ura ba ta ƙarya, in ji shi,
a cire a kuɗin direba.
Ramiz ya tuɓe hula, ya mayar, ya sake tuɓewa.
Ya rantse da burodin da yake ci.
Ba wanda ya tanka,
sai ruwa a kan kwano.

Na ajiye shayi.
Na bi kayan da ido kamar yadda na saba,
hawa biyar, takwas takwas, ba giɓi ko ɗaya.
Wanda aka ce babu, yana nan,
shiru kawai ya yi.

Muka yanke leda, muka yi ta saukewa.
Gwiwata tana ƙara, bayana yana zagina.
A ɗauri na tara, can tsakiya,
ga shi a kife,
wani mai sauri ya juya fuskarsa ciki,
layar ta manne da gwangwani,
mai ya tsattsafo ya jiƙe ta.
Ƙarfe ya toshe mata kunne.
An yi ta kira, ba ta ji ba.

Na goge ta da gefen rigata,
na rungumi kwalin, kilo ashirin,
na ratsa ƙofar da ƙafata.
Ƙit.
Ɗari huɗu da tamanin.

Tolga ya ce hmm.
Ya rubuta wa Ayvalik su riƙa juyo da layu waje.
Ya yi daidai, yaron ba wawa ba ne.
Ramiz bai ce komai ba,
ya bar mini rabin gurasa mai riɗi a kan tebur
ya koma mota ya yi barci baki buɗe.

Katin da ke rataye a wuyana ma
da irin layar a cikinsa.
Shi ke gaya musu Nurten ta shigo,
Nurten ta je bayi, Nurten ta daɗe.
Da aka tashi ran nan
na jefa shi a kwanon abincina na ƙarfe,
na danne murfi,
na wuce tsakanin ƙarafan a hankali.
Ba su ce uffan ba.

Ina cikin bas, teku na hannun hagu,
hannuna duk ƙanshin zaitun.
A allonsu kuwa ina can ƙofa ta bakwai,
ina ƙirga.